Ƙidayar Jama'a da Amanar Sirri: Daga Jadawalin Hukuma zuwa Kundi mai Sarƙa

Duk lokacin da malamin ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gida ya buɗe takardarsa, akwai wani alkawari tsakaninsa da maigidan, ko an furta shi ko ba a furta ba. Alkawarin kuwa shi ne, abin da za a faɗa masa na yawan mutanen gidan da shekarunsu da asalinsu zai shiga cikin jimla ne kawai, ba zai juyo kan mai shi ba. Bisa ga wannan ne mutum yake sakin jiki ya faɗi gaskiya. Inda duk aka yi shakkar alkawarin, to, alƙaluma sun lalace tun daga zaure. Dattawan ƙasar Hausa ba su manta yadda akan kora shanu daji in lokacin jangali ya gabato ba, ko yadda akan rage yawan balagan gida domin gudun haraji.

Makasudin wannan lacca shi ne a duba hanyoyi biyu da wannan alkawari yake iya warwarewa ba tare da wani ma'aikaci ya ci amana ba. Ta farko ita ce ta jadawalan da hukuma take bugawa da hannunta bayan an gama ƙidaya. Ta biyu ita ce ta ajiye bayanai a cikin kundin da kuɗin kirifto suke gudana a kansa, wanda ake kira bulokcen, a nan kuwa za a kira shi kundi mai sarƙa. Yawancin misalan daga Amurka suke, domin a can ne hukumar ƙidaya ta gwada ɓarke shingenta da kanta, sa'an nan ta fito ta faɗi abin da ta gani.

Doka da tarihi

A takarda, kariyar da dokar Amurka ta yi wa amsoshin ƙidaya tana da ƙarfi ƙwarai. Ma'aikacin hukumar yana yin rantsuwar riƙe sirri har iyakar ransa, wanda ya karya ta kuwa yana iya shan ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000, ko duka biyu. Ba a buɗe ainihin takardun da ke ɗauke da sunayen mutane sai bayan shekara 72. Shi ya sa takardun ƙidayar 1950 ba su fito fili ba sai ranar 1 ga Afrilu 2022. Hikimar wannan wa'adi a bayyane take: kafin ya cika, yawancin waɗanda suka ba da amsa sun riga mu gidan gaskiya, jariran lokacin kuma sun tsufa.

Amma doka abu ce da majalisa take yi, ita kuma take warwarewa. A 1942, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka zartar da wata dokar yaƙi wadda ta sassauta wannan kariya, ba a maido da ita ba sai 1947. A tsakanin nan hukumar ƙidaya ta taimaka wa soja da alƙaluman da suka nuna unguwannin da mutane masu asalin Japan suke zaune, aka tattara kimanin 120,000 daga cikinsu aka tsare a sansanoni, alhali kuwa yawancinsu haifaffun Amurka ne. Masana biyu, William Seltzer da Margo Anderson, su ne suka tono wannan tarihi, har a 2007 suka nuna cewa a 1943 an miƙa wa jami'an tsaro sunaye da adireshin waɗanda ke zaune a yankin birnin Washinton. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan aikin tattarawar bai bukaci sunan kowa ba. Ya isa a san cewa akwai mutum kaza masu asali kaza a bayan titi kaza. Sauran aikin na ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Turai ma tana da nata tabon. Rajistar jama'a ta ƙasar Holan, wadda ta yi suna wajen tsari, ita ce ta sauƙaƙa wa 'yan mamayar Jamus gano Yahudawa, har 'yan gwagwarmaya suka cinna wa ofishin rajista na Amsterdam wuta a Maris 1943. A Jamus ta Yamma kuwa, jama'a sun yi ta tirjiya ga ƙidayar da aka shirya a 1983, kotun tsarin mulki ta dakatar da ita, a Disamba na shekarar ta yanke cewa mutum yana da hakkin iko da bayanan da suka shafe shi. Ba a yi ƙidayar ba sai 1987.

Cire suna ba ɓoye mutum ba ne

Shekaru da yawa ma'aikatan ƙididdiga sun zauna a kan cewa in an goge suna da adireshi daga bayanin mutum, shi ke nan an ɓoye shi. A 1997 wata ɗalibar babban digiri mai suna Latanya Sweeney ta nuna ba haka abin yake ba. Hukumar inshorar ma'aikatan jihar Masacusets ta saki bayanan asibiti na ma'aikatanta ga masu bincike, bayan ta cire sunaye, amma ta bar ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa. Sweeney ta sayi rajistar masu jefa ƙuri'a ta birnin Kambirij a kan dala 20, wadda ke ɗauke da waɗannan abubuwa uku tare da sunaye. Da ta ɗora wannan a kan wancan, sai ta ga mutum 6 ne kawai suka yi tarayya da gwamnan jihar, William Weld, a ranar haihuwa. 3 daga ciki maza ne. Ɗaya tak ne yake zaune a unguwarsa. Ta fitar da bayanan asibitin gwamna ke nan. Daga baya ta yi lissafi da alƙaluman ƙidayar 1990 ta ce waɗannan abubuwa uku sun isa su ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya ɗaya. Wani mai bincike ya sake lissafin a 2006 da alƙaluman 2000 ya sami kashi 63. Ko wanne aka ɗauka, fiye da rabin jama'a ne.

To, mai kare hukumar ƙidaya yana iya cewa wannan bai shafe ta ba, tun da ita jimla take bugawa, ba layin bayanin mutum ɗaya ba. A nan ne lissafi yake shigowa, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kansa, domin wanda bai bi shi da alƙalami ba da wuya ya yarda.

A ƙaddara wani ɗan gungun gidaje mai mutum 5. Hukuma ta buga abubuwa kamar haka game da shi: matsakaicin shekarun mutanen, watau in an tara an raba daidai, 32 ne, in an jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya yana da shekara 30, mata 3 ne, matsakaicin shekarunsu 24, ta tsakiyarsu tana da 27, waɗanda suka kai 18 zuwa sama su 4 ne, matsakaicinsu 38, babu wanda ya kai 65. Game da maza kuwa hukuma ta yi shiru da gangan, saboda su 2 ne kawai, ƙa'idarta kuma ta hana buga bayanin rukunin da bai kai mutum 3 ba. Babu suna, babu shekarun kowa.

Yanzu a ɗauki alƙalami. Jimlar shekarun duka biyar 160 ce, ta manya huɗu 152, saboda haka yaron da ya rage yana da shekara 8. Jimlar ta mata 72 ce, ashe ta maza, wadda aka ɓoye, 88 ce. Da yaron namiji ne, da ɗayan namijin yana da 80, an kuwa ce babu wanda ya kai 65. Ashe yarinya ce. Mata ke nan 8 da 27 da 37. Shekarun na tsakiyar duka 30 ne, babu mace mai 30, saboda haka ɗaya daga cikin mazan ne, ɗayan kuma 58. An gama: ga mutum biyar, kowa da jinsinsa da shekarunsa, an ciro su daga jadawalin da bai ambaci ko ɗayansu ba. Kowace jimla da aka buga tana rage yawan yadda gaskiyar za ta iya kasancewa, har a kai inda hanya ɗaya ce kaɗai ta rage. A 2003 masana lissafi biyu, Irit Dinur da Kobbi Nissim, suka tabbatar da wannan a matsayin ƙa'ida: duk taskar bayanan da ta ba da amsoshi masu yawa, kuma masu kusa da daidai, to, ana iya sake gina abin da ke cikinta.

Gwajin da aka yi wa ƙidayar 2010

An daɗe ana ɗaukar wannan ƙa'ida a matsayin abin allo kawai, domin warware irin wannan lissafi ga ƙasa sukutum ya fi ƙarfin kwamfutocin da. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta sami mutum 308,745,538, aka kuwa buga alƙaluma fiye da biliyan 150 a kansu, har zuwa kan yanki mafi ƙanƙanta, wanda a birni yakan zama gungun gidajen da tituna suka kewaye. Akwai irin wannan gungu fiye da miliyan 11, kimanin miliyan 6 daga ciki suna da mazauna. Kariyar da aka yi amfani da ita tun daga 1990 ita ce musanye: a ɗauki wasu gidaje da suka fita daban a sauya musu wuri da masu kama da su a wani yanki, ba tare da an faɗi nawa aka sauya ba.

Ma'aikatan hukumar, a ƙarƙashin babban masaninta John Abowd, suka ɗauki matsayin ɓarawo. Suka yi aiki da wasu jadawalai kawai daga cikin waɗanda aka buga wa kowa, suka sake gina layin bayani ga kowane mutum: gungunsa, jinsinsa, shekarunsa, launinsa da asalinsa. A Fabrairu 2019 aka bayyana sakamakon. Kashi 46 cikin ɗari na layukan sun dace da na asali daidai da daidai; in an yafe kuskuren shekara ɗaya a shekarun mutum, kashi 71. Sa'an nan suka ɗora layukan a kan bayanan da kamfanonin talla suke sayarwa, masu ɗauke da sunaye da adireshi, kamar dai yadda Sweeney ta yi. Suka liƙa suna ga mutum miliyan 138, da aka duba takardun asali aka tarar miliyan 52 daidai ne, watau kashi 17 cikin ɗari na jama'ar ƙasar.

Ba kowa ya yarda da girman haɗarin ba. Steven Ruggles na Jami'ar Minesota, wanda ya ƙare aikinsa kan tattara alƙaluman ƙidaya, ya yi jayayya cewa yawancin dacewar nan ko da cankɛ aka yi za a same ta. A gungun da kusan kowa farar fata ne, wanda ya ce maƙwabcinsa farar fata ne bai tona wani asiri ba. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ta tilasta wa hukumar ta ƙara bayani. A wani rahoto na 2023 ma'aikatanta suka nuna cewa a kashi 70 cikin ɗari na gungunan, masu ɗauke da mutum miliyan 97, mai lissafin yana iya tabbatarwa da kansa cewa amsa ɗaya ce kaɗai take yiwuwa, ba sai ya ga takardun asali ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, haɗarin ba a rabe yake daidai ba. Mai kama da kowa a unguwarsu ba shi da abin tsoro sosai. Wanda ya fita daban, baƙo ɗaya a cikin 'yan gari, ko iyalin da suka fi yawan da yarjejeniyar hayarsu ta yarda, shi ne lissafin yake nunawa da yatsa, shi ne kuma tun farko aka yi alkawarin dominsa.

Kuskure da awo

Maganin da hukumar ta ɗauka a ƙidayar 2020 ya samo asali daga aikin da Cynthia Dwork da Frank McSherry da Kobbi Nissim da Adam Smith suka buga a 2006. Tushensa dai tsohuwar dabara ce ta masu tambayar abin kunya, irin wadda Stanley Warner ya kawo a 1965. Alal misali ana so a san mutum nawa suka taɓa gudun haraji. Sai a ce wa kowa ya wurga kwabo sama a ɓoye: in ya faɗi ta gaba, ya faɗi gaskiya, in ya faɗi ta baya, ya ce i ko da bai taɓa yi ba. Wanda ya ce i ba za a iya kama shi ba, domin watakila kwabo ne ya sa shi. Amma in an tambayi mutum 1,000 aka sami i guda 600, an san kimanin 500 na kwabo ne, saura 100 daga cikin 500 masu faɗin gaskiya, watau ɗaya cikin biyar. Jimla ta fito, mutum ya ɓuya.

Haka aka yi wa jadawalan 2020. Aka barbaɗa kuskuren ganganci a cikin alƙaluma, a ƙara ɗaya nan a rage biyu can, ta yadda a babban yanki kurakuran suke cinye juna, a ƙaramin gungu kuwa ba wanda zai rantse a kan adadin. Bambancinsa da musanyen da shi ne ana iya auna shi, ana kuma iya bayyana yadda aka yi shi ba tare da kariyar ta karye ba. Ma'aunin wata lamba ce da ake kira efsilon: in ta yi ƙasa, sirri ya ƙaru, daidaito ya ragu; in ta yi sama, akasin haka. Jimlar kowace jiha, wadda da ita ake raba kujeru 435 na majalisar wakilai, ba a taɓa ta ba.

Nan fa aka shiga gaba kura baya sayaki. Masu shata mazaɓu, da ƙananan hukumomi, da ƙabilun Indiyawan asali waɗanda yawansu kaɗan ne, suka ce kuskuren zai cuce su wajen rabon kuɗi da wakilci. Jihar Alabama ta kai ƙara a Maris 2021, kotu ta ƙi dakatar da aikin a Yuni. Ƙauyen Monowi na jihar Nebraska, wanda aka san shi da mazauni ɗaya tak, ya fito a alƙaluman 2020 da mutum 2. Hukumar ta ji koke, ta ɗaga efsilon daga 12.2 da ta gwada a Afrilu 2021 zuwa 19.61 a Yuni, lambar da masana lissafi da yawa suke ganin ta yi sama ƙwarai. Lissafi yana iya faɗin nawa za a biya na daidaito domin a sayi sirri kaza, amma ba ya iya faɗin nawa ya kamata a saya. Wannan hukunci na masu mulki ne, kuma gara a yi shi a fili da a bar shi a aljihun ma'aikacin ofis. Jadawalan 2010 kuwa sun riga sun fita, suna cikin dubban kwamfutoci. Magana zarar bunu ce.

Kundin da ba a gogewa

Wannan batu na abin da ba ya komawa shi ne ya haɗa ƙidaya da kundi mai sarƙa. A ƙarshen Oktoba 2008 wani, ko wasu, da sunan aro Satoshi Nakamoto, ya fitar da tsarin kuɗin Bitcoin, aka buɗe shafin farko na kundinsa ranar 3 ga Janairu 2009. Yadda yake aiki a taƙaice shi ne: kimanin kowane minti 10 ana rufe shafi ɗaya na cinikayyar da aka yi, kowane shafi kuma yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi. Hatimin nan wata gajeriyar lamba ce da ake matsowa daga rubutu ta hanyar lissafi. In aka sauya ko da ɗigo ɗaya a rubutun, lambar ta sauya gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya taɓa tsohon shafi ya ɓata hatimin duk shafukan da suka biyo baya. Dubban kwamfutoci a ƙasashe daban daban suna riƙe da kwafin kundin cikakke, kowa yana iya saukar da shi ya karanta, babu kuma wani ofishi da za a kai wa takardar kotu a ce ya goge.

An gina shi domin kuɗi, amma tun shafin farko Nakamoto ya cusa kanun labarin jaridar The Times ta Landan ta ranar a ciki. Wasu suka bi sawu. A 2014 aka ware wani ɗan gurbi na harafi 40, daga baya 80, domin irin wannan rubutu; daga 2023 kuwa aka sami hanyar cusa hotuna da fayiloli masu girman da ya kusa cika shafi. Amfanin abin ba a musunsa. A Afrilu 2018, da masu tace labarai a ƙasar Sin suka yi ta goge wasiƙar wata ɗalibar Jami'ar Peking daga intanet, wani ya rubuta ta a kundin Ethereum, inda hannunsu bai kai ba. Sai dai kundin bai san mai gaskiya ba, bai san azzalumi ba. A wannan shekarar masu bincike na jami'ar Aachen ta Jamus suka tace kundin Bitcoin suka sami fayil fiye da 1,600, a ciki har da adireshin wuraren hotunan lalata da yara, da lambobin waya da adireshi da bayanan banki na wasu mutane waɗanda aka tona musu asiri. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta ba mutum hakkin neman a goge bayanansa. A kundi mai sarƙa na kowa da kowa babu wanda za a nema a wurinsa.

Masu sha'awar kundin sukan ce ai babu suna a ciki, lambobin asusu ne kawai. Wannan ita ce tsohuwar maganar da Sweeney ta rushe. A 2013 Sarah Meiklejohn da abokan aikinta suka nuna yadda ake tattara lambobin da mutum ɗaya yake juyawa ta hanyar bin sawun ciniki, in kuwa ɗaya daga ciki ta taɓa kasuwar canjin da ke karɓar katin shaida, sauran duka sun bayyana. Wani mai suna James Zhong ya sace Bitcoin fiye da 50,000 daga haramtacciyar kasuwar Silk Road a 2012, ya zauna shekara tara ba wanda ya san shi, a Nuwamba 2021 jami'ai suka ƙwace su a gidansa a jihar Jojiya. Sawun da ya bari a 2012 yana nan bai dushe ba, dabarun karanta shi ne suka yi ta ƙaruwa. Ba wanda zai yi kukan ɓarawo, amma lissafin da ya kama shi bai keɓanta da ɓarayi ba.

Akwai masu cewa to a kulle bayanan da rubutun ɓoye kafin a sa su, ko a sa hatiminsu kawai. Dukan shawarwarin biyu suna da rami. Makullin lissafi yana tsufa. Tsarin DES, wanda gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1977, an fasa shi a 1998 cikin awa 56 da wata na'ura da wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙera. A ofis, in makulli ya tsufa sai a sauya shi a ƙone tsohon kwafi. A kundi mai sarƙa tsohon kwafin yana hannun kowa, yana jiran ranar da makullinsa zai ruɓe. Hatimi kuwa ba ya ɓoye abin da ake iya cankowa. A 2014 hukumar motocin haya ta birnin Niyok ta saki bayanan tafiye-tafiye miliyan 173, ta maye lambobin motoci da na direbobi da hatiminsu. Wani injiniya ya lura cewa lambobin da suke yiwuwa miliyoyi kaɗan ne, ya sa kwamfuta ta buga hatimin kowace ɗaya, cikin 'yan awoyi ya maido da su duka.

Inda kundin yake da amfani na gaskiya shi ne shaida, ba ajiya ba, kuma wannan ya girmi Bitcoin. A 1991 Stuart Haber da Scott Stornetta suka kawo dabarar sarƙa hatimai domin tabbatar da lokacin da aka rubuta takarda, daga 1995 kamfaninsu ya riƙa buga hatimi ɗaya kowane mako a shafin tallace-tallace na jaridar New York Times. Takardun suna hannun masu su. Abin da ya fita duniya hatimi ne kawai, wanda zai fallasa duk wanda ya sauya su daga baya. Ƙasar Estoniya ta bi irin wannan hanya wajen tsare amincin bayanan gwamnati: bayanan suna taskar hukuma, hatimansu ne ake sarƙawa.

A Nijeriya, rigimar ƙidaya ba ta taɓa zama ta sirri ba, ta adadi ce. An soke sakamakon 1962, an soke na 1973, a 1991 da 2006 kuwa aka cire tambayar addini da ta ƙabila gaba ɗaya domin gudun fitina. Saboda wannan tarihi, duk abin da ya yi alkawarin alƙaluman da ba mai iya taɓa su zai yi farin jini, kuma ma'aikacin gwamnati yana iya tarar da shawarar kundi mai sarƙa a kan teburinsa. Ƙidayar da aka shirya yi a Mayu 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki, an tsara ta ne da na'urorin hannu masu ɗaukar wurin da kowane gida yake, wanda zai ba da damar buga jadawalai na yankunan da suka fi ƙaramar hukuma ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Jimlar ƙaramar hukuma mai mutum dubu ɗari biyu ba ta tona kowa. Jadawalin ruga mai mutum goma sha biyu, da shekaru da jinsi, ya koma misalin nan na mutum biyar. A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa, wadda ita ma ta ba mutum hakkin neman a goge bayanansa.

Jadawalin da hukuma ta riga ta buga wa kowa ana iya sa hatiminsa a kundi mai sarƙa ba tare da an cuci kowa ba, kuma hakan zai hana a sauya adadin wata jiha a asirce bayan an sanar da shi, ko da yake ba zai gyara ƙaryar da aka rubuta tun a zaure ba. Bayanin mutum ɗaya kuwa wani abu ne daban, ko an maye shi da hatimi. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta Nijeriya alƙalami 11 ce, watau lambobin da suke yiwuwa ba su wuce biliyan 100 ba. Kwamfuta mai ƙarfi irin ta masu wasannin bidiyo tana buga hatimi biliyoyi a daƙiƙa guda, saboda haka za ta bi ta kansu duka cikin mintoci kaɗan, ko bana, ko bayan wa'adin shekara 72 ya daɗe da wucewa.